Jimmy White: fainal shida ba kofi ko ɗaya, rashin rabo ne ko sakaci?

Abba Fagge:
Salam jama'ar gida. Wlh jiya bacci ya ƙaurace min sai na hau YouTube ina kallon tsofaffin wasannin sinuka, kawai na faɗa kan fainal ɗin gasar duniya ta 1994, Jimmy White da Stephen Hendry. Ko haifata ba a yi ba a lokacin amma har yanzu da nake rubutun nan ƙirjina bai saki ba. An yi 17-17, saura turmi ɗaya wanda ya ci ya ɗau kofi, Jimmy ne a kan tebur yana gaba 37 da 24, jajayen sun baje komai ya buɗe masa, ga baƙar ƙwallo zaune a mazauninta, irin wadda ya jefa sau dubu nawa a rayuwarsa, ya sunkuya ya buga ta ƙi shiga. Ku ji yadda ɗakin ya ɗau wani irin nishi gaba ɗaya. Hendry ya taso ya share tebur da 58, shi kenan. Kuma ranar ce ranar haihuwar Jimmy, 2 ga Mayu, ya cika 32. Fainal ɗinsa na shida kenan kuma duka shidan an cinye shi. Tambayata ga masana na gidan nan, mutumin nan rabo ne ba shi da shi ko kuwa shi ya ja wa kansa?

Sani Mai Tebur:
Wa alaikassalam. Kai Abba ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Baƙar nan na kalle ta ya fi sau hamsin. Rabo ne kawai ɗan uwa, abin da ba naka ba ko a bakinka yake sai ya faɗi

Umar KD:
Wane rabo kuma. Sau ɗaya rashin sa'a ne, sau biyu ma mu ce haka, amma sau SHIDA? 1984, 1990, 1991, 1992, 1993, 1994. Biyar a jere fa. Malam in kullum jakinka a rami ɗaya yake faɗawa to ba ramin ba ne matsalar. Mu daina laƙaba wa ƙaddara abin da mutum ya yi da hannunsa.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri ni baƙuwa ce a harkar, wannan sinukar ita ce wadda yara ke bugawa a bakin titi a unguwarmu? Don na ga kuna ta kiran lambobi 37, 58, mu wadda nake gani ba a ƙirga komai, zurawa kawai suke har a zo kan baƙa

Sani Mai Tebur:
A'a Hajiya, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wadda muke da ita a nan har da tebur ɗina, mu dai sinuka muke ce mata amma a can wani wasa ne daban, ƙaramin tebur ne ramuka masu faɗi. Ta gasken teburinta ƙafa 12 ne a tsawo 6 a faɗi, ramukan matsattsu, in kika tsaya a wannan kai ƙwallon da ke wancan kan kamar ƙwayar gujjiya za ki gan ta. Jajaye 15 kowace maki 1, sai masu launi shida, rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ka zura ja sai ka zura mai launi, a ciro mai launin a mayar mazauninta, ka sake ja, haka haka har jajaye su ƙare sannan ka bi masu launi daga rawaya zuwa baƙa. In ka kuskure sai ka koma kujera ka zauna kana kallo, kuma in ɗayan gwani ne ba za ka sake tashi ba sai an jera sabo. Fainal ɗin duniya wanda ya fara cin turmi 18 shi ne zakara, kwana biyu ake yi ana bugawa, a wani ɗakin wasan kwaikwayo da ake kira Crucible a garin Sheffield, tun 1977 a can ake yi, kujerunsa ma ba su kai dubu ba.

Maman Ilham:
To na gane. Ashe abin ba ƙarami ba ne, kwana biyu a tsaye! Na gode Malam Sani

Kawu Bala:
Assalamu alaikum. Ba na yawan magana a nan amma wannan ba zan iya wucewa ba, don ni a idona aka yi. Ina karatu a Bradford daga 1990 zuwa 1994, wato shekarun nan da Umar ya lissafo kusan duk ina ƙasar. Kafin na je ban san wasan ba sam. Abin da ya sa na sani, a ɗakin hutawa na gidan ɗalibai talabijin ɗaya ce, kuma in watan Afrilu ya raba har farkon Mayu ba ka isa ka canza tasha ba, BBC ke nunawa safe da dare kwana 17. Tun ina zama don dole har na koma ni ke riga kowa kama kujera.

Abba, abin da YouTube ba zai nuna maka ba shi ne yadda mutanen ƙasar suke son yaron nan. Ba son gwani ba, son ɗan gida. Yaron Tooting ne a kudancin Landan, ɗan talakawa, makaranta ma ba ta dame shi ba, tun yana ƙarami yake gudu ya tafi gidan sinuka shi da abokinsa Tony Meo suna buga wa manya wasan kuɗi. Bahago ne, da hagu yake riƙe sanda, kuma sauri gare shi kamar ana korarsa, shi ya sa suka sa masa laƙabin da ma'anarsa guguwa. Yana da 18 ya ci gasar duniya ta waɗanda ba ƙwararru ba a 1980. Direban bas, mai shara, tsohuwa mai sayar da jarida, kowa Jimmy. In ya fito sai ka ji ɗaki ya ɗauka da kiran sunansa, alƙalin wasa na ta roƙo a yi shiru.

Wanda ya fi ci min rai ni ba na 1994 ba ne, na 1992 ne. A gasar shekarar ya yi 147 a wasansa da Tony Drago, wato ja 15 baƙa 15 sannan ya share sauran bai kuskure ko ɗaya ba, kafin shi mutum ɗaya ne ya taɓa yi a wannan ɗaki, Cliff Thorburn a 1983. Kowa ya ce bana ta Jimmy ce. Aka zo fainal ya kai 14 da 8. Saura huɗu. Akwai wani dattijo Bature mai gadin gidanmu, ya ajiye aikinsa ya zo ya zauna kusa da ni da kofin shayinsa, yana ta bugun gwiwata yana cewa yau dai yau dai. Daga nan Jimmy bai ƙara cin turmi ko ɗaya ba. Goma a jere Hendry ya kwashe, aka tashi 18 da 14. Ina kallon shayin mutumin nan ya huce a hannunsa bai kurɓa ba, da aka gama ya tashi ya zubar a wurin wanke hannu ya fita bai ce wa kowa komai ba. Kwana uku ban ji muryarsa ba.

Saboda haka Umar ɗana, ka yi a hankali da kalmar nan. Wanda ya kai fainal shida ba ragon mutum ba ne.

Umar KD:
Kawu Allah ya ƙara girma, wlh ban ce rago ba ne kuma na ji daɗin labarin nan ƙwarai. Amma da izininka labarin naka ma ni yake goya wa baya. 14-8 fa Kawu. Mutum na gaba da shida ya bari a ci shi goma a jere, wannan ba ƙwallo ce ta ƙi shiga ba, zuciya ce ta karye. Kuma mu duba sauran, 1991 John Parrott ya fara da 7-0 kafin Jimmy ya farka aka tashi 18-11, to nan ina Hendry? 1993 kuma 18-5, ko zaman ƙarshe na dare ba a yi ba don wasa ya riga ya ƙare tun da rana, mutane sun sayi tikiti ba abin kallo. Ni abin da nake cewa baiwa daban, riƙe kai daban. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya sha giya ya yi caca ya yi ta'ammali da hodar ibilis a shekarun da ya kamata a ce yana kan ganiyarsa. Hendry na can yana atisaye awa da awanni shi yana gidan rawa. To ranar fainal wa kake tsammanin hannunsa zai tsaya?

Abba Fagge:
Hmm Umar wannan maganar ta hodar gsky ne? Ban sani ba wlh

Umar KD:
Shi ya faɗa da kansa ba wani ya ƙaga masa ba, ya yi hira da 'yan jarida a kai ba sau ɗaya ba. Har ya ce ba don haka ba da ya ci kofin nan fiye da sau ɗaya

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Ni ina tsakiya. Maganar Umar akwai gaskiya amma akwai abin da ya tsallake. A cikin shidan nan huɗu Hendry ne, ɗaya Steve Davis. Wato mutum biyu da kowannensu ya mallaki shekara goma cur, Davis kofi 6 a shekarun 1980, Hendry 7 a shekarun 1990. Jimmy ya faɗo daidai tsakaninsu, ƙuruciyarsa ta haɗu da Davis, girmansa ya haɗu da Hendry. A 1984 yana ɗan 22 Davis ya yi masa 12-4 a ranar farko, kowa ya ce an gama, yaron nan ya dawo washegari ya matse shi har 18-16. Wannan karyayyar zuciya ce? A 1990 sai da ya fitar da Davis ɗin a kusa da na ƙarshe 16-14, ya ce to yanzu hanya ta buɗe, sai ga wani yaro ɗan Sukotilan mai shekara 21 a gabansa. Kamar Holan ce a ƙwallon ƙafa, fainal uku 1974, 1978, 2010 ba kofi, amma wa zai ce ba su iya ƙwallo ba

Umar KD:
Ai Parrott ma a zamanin ya rayu kuma ya ci nasa a 1991. Dennis Taylor ya ci 1985, Joe Johnson ya ci 1986 kuma duk Davis suka doke a fainal, Ken Doherty ya doke Hendry a 1997. Duk cikinsu ba wanda ya kai Jimmy baiwa. To me ya sa su suka iya shi bai iya ba? Nan ne tambayar take

Ɗan Damagaram:
Wannan kam ka kama ni, ba ni da amsa a kai

Sani Mai Tebur:
Bari in faɗa muku abin da na gani da idona, don ni shekarata tara ina riƙe da tebur, na ga hannaye iri iri. Akwai wani yaro da ke zuwa wurina, ba zan faɗi sunansa ba, wlh duk unguwar ba mai hannunsa, in yana wasan banza da abokai sai ka rantse da maganaɗisu yake jan ƙwallo, farar ƙwallon da ake bugawa da sanda na tafiya tana dawowa inda yake so kamar ya aike ta. Muka haɗa 'yar gasa da sallah, unguwa da unguwa, ya kai ƙarshe, saura baƙa kaɗai tana bakin rami wadda ko Ilham ɗin Hajiya za ta zura. Ina tsaye kusa da shi. Na ga ya goga alli a kan sanda, ya sake gogawa, ya sake, sau huɗu, shi da ko sau ɗaya ba ya cika yi. Na ga yatsun hannun da ya dafa tebur suna rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Kafin ya buga na san ba za ta shiga ba. Kuma yaron nan ko sigari ba ya sha, sallarsa ba ta wuce shi. To shi wace hoda ya sha Umar? Wani abu ne ke sauko wa mutum in abin da ya fi so a duniya ya zo daf da hannunsa, sandar sai ta yi nauyi kamar taɓarya. Wanda bai damu sosai ba shi ke zurawa. Jimmy son kofin nan ya yi masa yawa, ga mutum miliyoyi sun ɗora masa nasu burin a ka, ko ina ya bi ana ce masa bana fa bana fa. Hendry ba wanda ke sonsa a ɗakin, har ihu ake masa, to ba ya ɗauke da kayan kowa sai nasa

Kawu Bala:
Sani ka faɗi wani abu. Kuma ku tuna Davis ɗin da ake kira inji shi ma ya kuskure baƙa a turmin ƙarshe a 1985, mutum miliyan 18 da rabi na kallo bayan sha biyun dare, Taylor ya zo ya zura. Bambancin kawai shi yana da wasu kofunan da za su rufe masa wannan.

Malam Nura:
Salam. Ina bin ku tun ɗazu. Ni abin da ya tsaya min a rai ba kofin ba ne, cacar ce. Mutum ya samu dukiya irin wannan, a 1991 kaɗai akwai gasar da ya ci a Birmingham aka ba shi fam 200,000, a wancan zamanin fa, amma caca ta cinye mafi yawan abin da ya tara. Kuma abin da ke ba ni tsoro kenan da teburan unguwanninmu, Malam Sani kar ka ji haushi ba da kai nake ba, amma mun san abin da ke faruwa, ana farawa da wanda aka ci ya biya kuɗin gem, gobe a sa ɗari biyu, jibi yaro ya saci wayar uwarsa. Shi ma Jimmy ai da wasan kuɗi ya fara tun yana yaro, abin da ka tashi da shi da wuya ka rabu da shi

Sani Mai Tebur:
Ban ji haushi ba Malam, gaskiya ka faɗa akwai wuraren da haka ake yi. Ni dai a wurina na rubuta na manna, ba caca ba shaye shaye, in an kira sallah a ajiye sanda, yaro mai kayan makaranta ba ya taɓa min tebur sai bayan la'asar. Na yi asarar kwastomomi a kan haka ba kaɗan ba. Amma wasan kansa ba shi da laifi, lissafi ne da natsuwa, ka san inda fara za ta tsaya tun kafin ka buga, kana tunanin ƙwallo uku a gaba. Da muna da tebur na gaske da mai koyarwa wlh akwai yaran da za su ba da mamaki. Dubi Sin, shekara talatin baya wa ya san su a wasan nan, Ding Junhui ya buɗe musu ƙofa, yanzu ga Zhao Xintong ya ɗau kofin duniya a 2025

Malam Nura:
Allah ya yi maka albarka, ya sa sauran su yi koyi da kai

Abba Fagge:
Amin. To amma jama'a kar mu sa mutumin nan ya zama kamar bai taɓa cin komai ba fa, na je na duba, ya ci Masters a 1984, ya ci gasar UK a 1992 kuma Parrott ɗin ya doke 16-9, manyan gasa masu maki guda 10 gare shi, ya kai na biyu a duniya. Mutane nawa ne suka ɗau kofin duniya sau ɗaya amma ba su da rabin wannan

Umar KD:
Na yarda Abba. Amma je ka tambaye shi ko zai ba da duka goman a ba shi guda ɗayan nan, kai ma ka san amsa

Hafsat Zariya:
Ni Ronnie O'Sullivan ne ya shigo da ni kallon sinuka, yayana ne ke kunna mana 147 ɗin nan da ya yi a 1997 cikin minti biyar da 'yan daƙiƙu, daga nan na kamu. Abin da na lura duk lokacin da Ronnie ke maganar Jimmy fuskarsa canzawa take, yana ɗaukarsa kamar yayansa, kuma ya sha faɗa cewa shi yake kallo yana yaro. In kun ga suna sharhi tare a Eurosport za ku gane. To ni a ganina a nan gadon Jimmy yake. Alex Higgins ya fara irin wasan nan na kai hari ba tsoro, Jimmy ya karɓa ya gyara shi, Ronnie ya ɗauka ya kai shi inda ya kai har kofi 7, yanzu ga Judd Trump shi ma bahago yana irin bugun nan. Kuma Yaya Umar ka lura Ronnie ma ya yi fama da shaye shaye har sai da ya je gidan gyaran hali a 2000, ya samu masu riƙe shi, akwai likitan ƙwaƙwalwa Steve Peters da ya yi aiki da shi daga baya. A zamanin Jimmy wa ke maganar irin wannan? Abokan da ke kewaye da shi su ne masu kai shi mashaya

Umar KD:
Wannan magana ce Hafsat. Ban taɓa kallonta ta nan ba. Amma kin ga ai kin dawo kan maganata, da ya samu mai riƙe shi da ya ci, wato ba rabo ba ne kaɗai akwai sababi

Malam Nura:
Umar ai sababin ma cikin ƙaddara yake, ba sa karo da juna. Mutum yana da alhakin abin da ya aikata kuma abin da aka rubuta ba ya kuskure. Ku biyun duk hanya ɗaya kuke kun dai shigo ta ƙofa daban ne

Kawu Bala:
Tunda Hafsat ta ambaci Higgins, ku nemi wasan kusa da na ƙarshe na 1982. Wannan ban gani kai tsaye ba sai daga baya. Jimmy na ɗan shekara 20, yana gaba 15 da 14, saura turmi ɗaya ya shiga fainal, kuma a turmin yana da 59 Higgins ba shi da ko ɗaya. Higgins ya taso ya yi 69 da wasu irin ƙwallaye da ba mai hankalin da zai gwada su, fara ba ta taɓa tsaya masa daidai ba amma yana ta zurawa. Ya ci wannan ya ci na gaba, ya je ya ɗau kofin. Ku kalli fuskar Jimmy a kujera, yaro ne sosai, kamar ma abin burge shi yake. Ni a ganina da ya wuce ranar nan ya ci kofin yana ɗan 20 kafin nauyin ya taru, da duk labarin nan ba haka ya tafi ba. Kowace shekara da ta wuce sai kayan su ƙara nauyi.

Kuma abu ɗaya da ba a faɗa ba a nan, halinsa in an cinye shi. A 1994 ɗin nan da Abba ya kalla, ina zaune a ɗakin nan dai, watanni kaɗan kafin na dawo gida. An gama, mai gabatarwa ya miƙa masa makirfo, mutumin da aka ƙwace wa burinsa karo na shida ranar haihuwarsa, kowa na jiran ya fashe da kuka ko ya kawo uzuri. Sai ya dubi Hendry ya ce yaron nan fa ya fara ba shi haushi. Ɗakin ya fashe da dariya har da Hendry ɗin. Bai ce tebur ba ne, bai ce alƙali ba ne. Kuma an san shi da cewa in sandarsa ko rigarsa ta taɓa ƙwallo ko alƙali bai gani ba shi da kansa zai faɗa. Shekara ɗaya bayan nan aka same shi da ciwon daji a maraina, aka yi masa aiki, ya dawo ya ci gaba da wasa. A 1995 ɗin ma sai da ya kai kusa da na ƙarshe, Hendry ya sake tare shi, har 147 ya yi a kansa.

Abba Fagge:
Kai innalillahi, Hendry kuma dai? Kawu to bai taɓa rama wa ba ko sau ɗaya a ɗakin nan?

Kawu Bala:
Ya rama. 1998 aka haɗa su tun zagayen farko, lokacin Jimmy ya faɗo ƙasa sai da ya bi ta wasan share fage, Hendry kuma shi ne na ɗaya a duniya. Jimmy ya yi masa 10 da 4. Lokacin ina Kano, wani abokina ne ya aiko min da yankin jarida a wasiƙa, har yau tana cikin akwatina. Amma ka ga zagayen farko ne, ba a ba da kofi a nan. Ya je kwata fainal Ronnie ya fitar da shi.

Ɗan Damagaram:
Kuma har yanzu bai ajiye sanda ba fa, shi ne abin da ke ba ni mamaki. Davis ya yi ritaya a 2016, Hendry ya tafi a 2012 ya ɗan dawo ya sake tafiya, Parrott na sharhi, shi kuwa yana nan. 2004 ya ci gasa a Glasgow yana ɗan 41 ya doke marigayi Paul Hunter, shekara 12 rabonsa da babbar gasa. Gasar dattawa ta duniya ya ci 2010, 2019, 2020, 2023, ta 2020 ma Doherty na gaba da shi 4-0 ya dawo ya ci 5-4. A 2022 yana da shekara 60 ya tsallake share fagen gasar UK yana doke waɗanda ya girme su. Rabonsa da shiga babbar gasar a Crucible tun 2006 amma duk shekara sai ya je share fage

Umar KD:
Gasar dattawa ai ba ita ba ce, turmi biyar ne kawai ake ci. Amma na ji, ta 2019 a Crucible aka yi ko? To aƙalla ya ɗaga wani abu a ɗakin. Zan faɗi gaskiya, ni haushinsa nake ji saboda ina sonsa, in ina kallon yadda yake juya fara a tsofaffin bidiyon nan sai in ji kamar in shiga ciki in girgiza shi in ce malam je ka kwanta gobe kana da fainal. Da ban damu da shi ba da ban tsaya ina ta rubutu tun azahar ba

Sani Mai Tebur:
To ai ka shigo layinmu Umar, duk mai son Jimmy da ciwon nan yake yawo

Maman Ilham:
Ni da ban san shi ba sai yau har na ji tausayinsa ya kama ni. Malam Sani yaron nan naka fa, ya ci gaba da zuwa?

Sani Mai Tebur:
Wata biyu bai leƙo ba Hajiya. Ran nan sai ga shi da daddare bayan kowa ya watse ina shirin rufewa, ya ce in ba shi sanda. Ya ɗauko baƙa ya ajiye a daidai inda take ranar, ya ajiye fara a inda take, ya zura. Ya ciro ya sake ajiyewa ya zura. Ina ƙirgawa a zuci sai da ya yi sau ashirin da ɗaya ba kuskure, sannan ya jingine sandar ya biya ni kuɗin gem ɗaya ya ce a sa sunansa a gasar babbar sallah

Abba Fagge:
Allah ya ba shi sa'a wannan karon. Kawu don Allah in ka samu lokaci ka ɗauko mana hoton yankin jaridar nan ka saka a nan mu gani. Ni yanzu na 1982 ɗin zan je in nema

Kawu Bala:
In sha Allahu gobe bayan azahar, akwatin na saman wadirob sai yara sun dawo su sauko min da shi. Abba in ka samu bidiyon ka lura da shuɗiyar da Higgins ya zura a tsakiyar bugun, ka tsayar ka mayar baya ka sake kallo, sannan ka zo mu yi magana.